Wasiƙa daga Orkney: katanga da tumakin Inna

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaida kai da Inna da yara. Ni lafiya lau, sai iska da sanyi, su ma jiki ya fara sabawa.

Na ji katangar bayan gida ta zube da ruwan Agusta, kuma ba daga bakinka na ji ba. Haba Yaya! Na kuma ji wai Auta ya kai tumakin Inna biyu kasuwa zai haɗa kuɗin babur. In gaskiya ne ka zaunar da shi. Inna na da ranta, ba gado ake rabawa ba.

Na turo fam 300 ta asusunka. Na katanga ne: bulo, siminti, ladan magini. Kada Auta ya riƙe ko sisi.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Kirkwall, babban garin tsibiran Orkney da ke arewacin Scotland, akwai wani dattijo mutumin North Ronaldsay, tsibirin da ke can ƙarshen arewa, ba shi da hira sai ta katanga da tumaki. Ya dame ni har na hau ƙaramin jirgi na je na gano wa idona. Yaya, dutse ne aka jera bisa dutse, babu laka babu siminti, ya fi ni tsayi, ya zagaye tsibirin kaf, wajen kilomita 20. A 1832 aka gina. Da can mutanen tsibirin ciyawar teku suke ƙonawa su sayar da tokar ga masu yin sabulu da gilashi; da kasuwar ta mutu sai suka ware cikin tsibirin don noma da shanu, suka kora tumaki bayan katanga, bakin ruwa. Tun lokacin ciyawar teku suke ci. In ruwa ya janye su sauka kan duwatsu masu santsi su yi kiwo, in ya dawo su hau su kwanta suna tuƙa. Ƙanana ne, ba su kai balami ba. Jikinsu ya saba har ciyawar gona in ta yi yawa tana iya kashe su, sai lokacin haihuwa ake shigo da matan ciki. Mutanen tsibirin suna da kotun tumaki, wallahi haka suke kiranta, mai lura da wanda bai gyara rabonsa na katanga ba. Yanzu matasa sun watse, teku na rushe ta kowace hunturu, har a 2019 sai da suka ɗauki ma'aikaci musamman don gyara. Dattijon nan da ya zo kan watsewar matasa sai ya dube ni. Ban ce komai ba, ni ma ai na watse.

Naman ban ci ba, ba yankanmu ba ne.

Aiki dai ana yi. Wani lokaci kwana nake a tsaye, kuma a Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe, amma kada ka faɗa wa Inna wannan. Ka ce mata ɗaki na da ɗumi kuma ina cin abinci. Sallar bana ba na jin zan samu zuwa.

A tayar da katangar nan kafin a girbe, kada tumakin da suka rage su faɗa gonar Baffa a sake jin kanmu. In kuɗin ya yi saura a saya wa Inna tunkiya, a ɗaure ta a ƙofar ɗakinta. Ka turo min hoton ginin, da Auta a tsaye yana ɗaukar bulo.

Ƙaninka.