Ƙwayoyin da ke wanke ruwan masana'antu ma suna buƙatar iska

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan gurɓataccen ruwan masana'antu, domin na yi shekaru ina aiki a bakin tankin tace shi, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Jama'a da yawa sun ɗauka sinadari ake zubawa ruwan ya tsarkaka. Gaskiyar ita ce, babban aikin ƙwayoyin bakteriya ne ke yin sa, su ke cinye dattin. Tun 1914 masana kimiyya Edward Ardern da William Lockett suka nuna a Manchesta ta Ingila cewa in ana hura iska cikin ruwan, ana kuma mayar da lakar da ta kwanta, wadda ke ɗauke da ƙwayoyin, cikin tanki, ƙwayoyin za su yawaita su gama aikin cikin sa'o'i. Lafiyayyen tanki ba ya ɓuya. Lakarsa ruwan ƙasa ce, ƙamshinta kamar na ƙasar da ruwan sama ya jiƙa, in ka ɗebo a kwalba, cikin rabin awa ta kwanta, ruwa ya tsaya garau a sama.

To amma ruwa ya yi garau ba shi ke nuna ya tsarkaka ba. Naitirojin da fosfaras ido ba ya ganinsu. Wasu ƙwayoyin ke mayar da amoniya, wato sinadarin da ke ɗauke da naitirojin a cikin dattin, zuwa wani sinadarin da ake kira naitiret in akwai iskar oksijin, wasu kuma a sashen da ba a hura iska su mayar da naitiret ɗin iskar naitirojin ta tashi sama. Fosfaras kuwa, akwai masu tara shi a jikinsu, sai a kwashe su tare da lakar. In naitirojin da fosfaras suka tsere zuwa kogi, taki suke zama wa gansakuka. Ta rufe ruwa, ta ruɓe, ta shanye oksijin, kifaye su taso matattu.

Abin da na gani da idona shi ya sa na ɗauki alƙalami. Injin hura iska shi ya fi komai cin wuta, sai aka riƙa kashe shi da dare wai don rage kashe kuɗi. Kafin mako ya zagayo laka ta yi baƙi ƙirin, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin. Masu cin amoniyar nan a hankali suke hayayyafa, sai da muka yi makonni kafin su dawo, kuma duk tsawon lokacin ruwan fita yake yi. Haka abin yake in aka sako musu asid ko sinadarin kuromiyam na jimar fata ba tare da an fara cire shi ba.

Don Allah, Malam Edita, in wakilanka suka je masana'anta kada su tsaya a hoton tanki. Su nemi sakamakon gwajin amoniya da fosfaras na ruwan da ke fita, su kuma duba littafin aikin dare su ga awa nawa injin iska ya yi yana aiki.

Naka,
Wani mai karatu