Wasiƙa kan kaboyin zamanin yaƙin Hitila

Assalamu alaikum, mutumina.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirun nan ya yi yawa, har Kawu ya fara tambaya ko faɗa muka yi. Na ce masa sanyin garinku ne ya daskarar maka da yatsu.

Ƙanina ya tura mini tarin tsofaffin finafinan kaboyi, baƙi da fari, na zamanin yaƙin Hitila, kuma kai nake nema mu yi musu. Kai ne ka ce duk labarinsu ɗaya, bos ya ƙwace gona, akta ya zo a kan doki ya ƙwato. Na ji, amma ka dubi aikin mana!

Kamfanoni irin su Republic, Monogram da PRC ba masu kuɗi ba ne. Wani fim ɗin cikin mako guda an gama ɗaukarsa, tsawonsa bai fi awa ɗaya ba. A 1942 kuma gwamnatin Amurka ta ƙayyade dala 5,000 kacal na sabbin kayan gina wurin ɗauka a kowane fim, don ƙarfe da katako yaƙi na bukatarsu. Su kuwa waɗannan dama a fili suke aiki, cikin duwatsun Lone Pine na Kalifoniya, rana ce fitilarsu. Shi ya sa abin da ka gani da gaske ya faru. Mutum zai diro daga bene ya faɗa kan sirdi, ka ga dokin ya ɗan duƙa don nauyi kafin ya zabura, ƙura ta turnuƙe. Yakima Canutt, gwanin irin wannan kasadar, har ƙarƙashin dawakin da ke jan amalanke yake bi suna tsaka da gudu. Wallahi tsigar jikina tashi take yi.

Af, ka ji an sa ranar Dogo? Bayan Babbar Sallah. Mai shayinmu ya rantse sai ya ga ɗaurin aure da idonsa zai yarda. Kada ka ce ba a gaya maka ba, kuma kuɗin anko na jiranka.

Ina muka tsaya? A 1942 ɗin nan Gene Autry, babban aktan finafinan kaboyi na lokacin, ya shiga soja, sai Roy Rogers da dokinsa Trigger suka gaji filin. Ka tuna masu kallon: yara ne da iyayensu maza ke bakin daga. Awa ɗaya ba surutu, ba ja-in-ja, azzalumi ya sha kashi. Ni dai ban ga abin rainawa a nan ba. Kawu ma da na nuna masa, cewa ya yi irinsu suka tashi suna kallo a gidajen siliman Rex da Palace, ya hana ni wayata har magariba.

Turo mini lambar da ke aiki in tura maka biyu, ka kalla kafin ka sake buɗe baki. A gaida uwargida, a ce mata yajin ya iso.

Naka har kullum.