Ɗalibanmu na Madina da Makka da zumuɗin fara kasuwanci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in ja hankalin ƙannenmu da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina da Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka, waɗanda da yawansu ke ɗokin fara sana'a tun kafin su karɓi shahada.

Kafin a tambayi ɗalibi nawa ne jarinsa, a tambaye shi me ya tura shi. Wani alawus ne ba ya kai shi ƙarshen wata, ga gida ana jiran aike. Wani abokin ɗakinsa ya gani ya tura jallabiyoyi Kano ya ci riba. Waɗannan biyun gaggawa ke cin su. Wanda ya fi daɗewa a harkar shi ne wanda ya lura da abin da mutanen garinsu ke nema suna rasawa, ya zauna ya yi lissafi.

Mai gaggawa yakan manta iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta karatu ce, ba ta ba shi izinin buɗe shago ba. Sai a ce ya fake da rajistar wani ɗan ƙasa. Wannan shi ne tasattur, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, ga kora. Tallafin Monsha'at kuwa, hukumar Saudiyya mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i wadda aka kafa a 2016, na masu halattacciyar rajista ne.

Sai lissafi. Riyal a ɗaure yake da dala a kan riyal 3.75 kowace dala, naira kuwa tun Yunin 2023 take hawa da sauka. Wanda ya sayar da dabinon ajwa a kan farashin da ya sayo, ranar da zai sake sari zai ga kuɗinsa ba su cika kwali ba. A saka harajin sayen kaya (VAT) na kashi 15 cikin ɗari a Saudiyya, da kuɗin kargo na kowane kilo, da asara: ɗanyen dabinon sukkari ba ya jure zafi in babu firji. Dangi kuma, Allah Ya sani, bashi suke ɗauka.

Mai niyyar gaske ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ya ɗauki kaya iri ɗaya tak, ya rubuta yarjejeniya da wanda zai tsaya masa ko da wansa ne, ya kuma bar harkar a makonnin jarrabawa.

Wassalam,
Wani mai karatunku, Madina