Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sakataren Harkokin 'Yan Mazan Jiya na Amurka: Kun Ba Sojojin Hmong Kabari, Kun Hana Su Magani

Mai girma Sakatare,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ba zan ja ku da nisa ba, magana ɗaya ce ta sa na rubuto muku: tsofaffin sojojin ƙabilar Hmong da suka yi wa ƙasarku yaƙi a Laos daga 1961 zuwa 1975.

Yau idan ɗayansu ya rasu a Saint Paul ko Fresno, dokar ƙasarku ta yarda a ɗauke shi a kai maƙabartar sojoji ta ƙasa, wadda ma'aikatarku ke kula da ita, a binne shi a kafa masa dutse. Amma da mutumin nan ya zo asibitin ma'aikatarku mako guda kafin rasuwarsa, da ɓaraguzan bam a cinyarsa tun zamanin yaƙi, da an gaya masa cewa shi ba ɗan mazan jiya ba ne a idon doka. Ba shi da haƙƙin magani a wurinku, ba shi da kuɗin naƙasa, ba shi da fansho. Kun amince da gawarsa, kun ƙi amincewa da shi yana numfashi. Wannan abu ya tsaya mini a rai, kuma ban ga yadda za a yi a kira shi adalci ba.

Kun fi ni sanin tarihin, amma zan tuna muku, domin wanda aka yi wa aiki ya fi saurin mantuwa a kan wanda ya yi aikin. A watan Janairun 1961 wani jami'in CIA, Bill Lair, ya hau tsaunukan arewacin Laos ya gana da Vang Pao, jagoran mayaƙan Hmong, wanda a lokacin hafsa ne a rundunar sojan masarautar ƙasar. Daga nan jirage suka soma sauke bindigogi da shinkafa. Shekara guda bayan haka aka sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta 1962, wadda ta ce Laos 'yar ba-ruwanmu ce, kada sojan kowace ƙasa ya taka ta. Amurka ta sa hannu, Biyetnam ta Arewa ta sa hannu, kuma cikin su biyun babu wadda ta cika. Da yake ba ku da halin tura sojojinku a fili, sai manoman kan dutse suka zama sojojinku a ɓoye. CIA ce ta horar da su, ita ta ba su makamai, ita ta biya su, kuma da jami'anta ake tsara inda za a kai hari. Kwarin Long Tieng, inda aka kafa hedikwatarsu, ya cika da dubun-dubatar mutane da jirage masu tashi da sauka ba ƙaƙƙautawa, alhali gwamnatinku tana gaya wa 'yan ƙasarta cewa ba ta yaƙi a Laos.

Me suka yi muku? Sun tsare rundunonin Biyetnam ta Arewa a arewacin Laos shekara da shekaru, rundunonin da da an sake su, da kan 'ya'yanku za su faɗa a Biyetnam ta Kudu. Tsohon shugaban CIA William Colby da bakinsa ya shaida haka a gaban majalisarku. Su ne suka yi gadin tashar na'urar jagorar jirage da kuka kafa a kan dutsen Phou Pha Thi har ta faɗi a watan Maris na 1968. Idan aka harbo jirgin Ba'amurke ya faɗa daji, su ake turawa su riga abokan gaba isa wurinsa, kuma sau da dama sai an rasa rayukan mutane da yawa kafin a fito da matuƙi ɗaya. Lee Lue malamin makaranta ne kafin a koya masa tuƙin jirgin yaƙi. Matuƙan sojan samanku da ke kai hari Biyetnam ta Arewa, idan mutum ya cika tashi 100 sai a mayar da shi gida. Shi Lee Lue ba shi da wa'adi, ya yi ta tashi har sau dubbai, sai da aka harbo shi a watan Yulin 1969. Da manyan suka ƙare, aka koma ɗibar yara 'yan shekara 13 da 14, wasu tsawon bindigar ya kusa kai nasu. Dubun-dubata sun mutu, a cikin al'ummar da dukanta ba ta wuce 'yan dubu ɗaruruwa ba.

Yaron da aka ba bindiga yana shekara 13 a 1970, yau yana dab da shekara 70. Yana cikin ƙananansu ke nan. Don haka, yallaɓai, duk shekarar da aka ce a jira, an san abin da ake jira.

Tsofaffin nan har gobe suna cewa an yi musu alkawari: idan an ci nasara a zauna lafiya, idan an sha kashi Amurka za ta kula da su. Na san amsar da ake ba su, wai babu takarda. Yaƙin da aka ɓoye wa majalisa da jama'a, wa zai rubuta masa takardar alkawari? Wanda ya hana a rubuta bai kamata ya zama shi ne mai tambayar ina rubutu ba. Ga kuma yadda aka cika alkawarin: a tsakiyar watan Mayun 1975 jirage suka kwashe mutum kimanin 2,500 daga Long Tieng zuwa Tailan, yawanci hafsoshi da iyalansu. Ranar 14 ga wata aka fitar da Vang Pao, jirgin ƙarshe ya tashi, dubban mutane na tsaye a filin da ƙunshin kayansu suna duban sama. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta.

Waɗanda aka bari suka kama hanyar daji da ƙafa, wasu makonni, wasu watanni, suna cin saiwa da ganye, suna tafiyar dare domin guje wa sojojin Pathet Lao, 'yan kwaminis ɗin Laos da suka ci yaƙin. A ƙarshen tafiyar akwai kogin Mekong, wanda ya raba Laos da Tailan. Mutanen kan dutse ne, yawancinsu ba su iya iyo ba. Mutum zai saƙala gora a ƙarƙashin hammatarsa ko ya rungumi kututturen ayaba, ya ɗaure 'ya'yansa a jikinsa da igiya, ya shiga ruwa cikin duhu ana harbi daga gaɓa. Uwa za ta ɗiga wa jaririnta ɗan ofiyom don kada kukansa ya tona asirin ayari, kuma akwai jariran da ba su farka ba. Wanda ya haye sai sansanin 'yan gudun hijira na Ban Vinai a Tailan, inda mutum fiye da 40,000 suka cunkushe a lokacin da ya fi cika, wasu suka haura shekara goma a ciki kafin a rufe shi a 1992. A can ne matan suka soma ɗinka labarin a kan ƙyalle da zare da allura: ga jirage, ga ƙauye na ci da wuta, ga ƙananan mutane a tsakiyar kogi. Masu neman takarda su je su dubi waɗannan ƙyallaye, akwai su a gidajen tarihi na ƙasarku.

To, me aka yi tun daga nan? Sai a watan Mayun 1997, shekara 22 bayan faɗuwar Long Tieng, aka kafa ɗan ƙaramin dutsen tunawa a Arlington, babbar maƙabartar sojojinku da ke kusa da Washington. A 2000 Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar da marigayi ɗan majalisa Bruce Vento na Minnesota ya yi ta fafutuka a kanta, wadda ta ɗauke musu sharaɗin jarrabawar Turanci wajen zama 'yan ƙasa. A 2018 aka ba su izinin kabari. Ban raina ko ɗaya ba, kuma na san mutanen kirki ne suka sha wahala kafin a samu. Amma ku dubi jerin da kyau: dutse, takardar zama ɗan ƙasa, kabari. An zaɓi duk abin da ba ya cin kuɗi sosai, an tsallake wanda zai taɓa lafiyar mai rai. Ko Vang Pao kansa, da ya rasu a Kalifoniya a watan Janairun 2011, an nemi a binne shi a Arlington, rundunar soja ta ƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar PACT ta 2022, wadda aka yi domin 'yan mazan jiyan da guba ta shafa a fagen yaƙi. A cikinta ƙasarku ta amince cewa duk sojan Amurka da ya yi aiki a Laos tsakanin 1 ga Disamban 1965 da 30 ga Satumban 1969, za a ɗauka ya shaƙi gubar kashe ciyayi da aka yi ta fesawa, irin su Agent Orange. Idan ciwon suga ko hawan jini ko wasu nau'o'in sankara suka kama shi, ba sai ya kawo hujja ba, ma'aikatarku za ta biya. Hakan daidai ne. Amma Ba'amurken ya zo ya yi wa'adinsa ya koma gida, shi kuwa ɗan Laos ɗin da ya yi yaƙi a gefensa a ƙasar ya kwana, ruwanta ya sha, shekara goma sha huɗu. Yau su biyun suna iya zama a unguwa ɗaya a Wisconsin, da ciwo iri ɗaya, ɗaya yana da katin asibitinku, ɗaya ba shi da shi. Ku gaya mini, yallaɓai, da wane ma'auni aka raba su?

Za ku ce ba ku ne ke yin doka ba, majalisa ce. Gaskiya ne, amma majalisa tana jin maganar Sakatare fiye da yadda take jin ta tsohon da bai iya Turanci ba. Kuma hanya a buɗe take, an sha bin ta. A 1977 aka amince da matan da suka tuƙa jiragen soja a Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin 'yan mazan jiya, bayan an shekara talatin ana cewa farar hula ne. A 1988 aka yi wa ma'aikatan jiragen ruwan dakon kaya haka. Sojojin Filifin da dokar 1946 ta ƙwace wa haƙƙinsu, a 2009 aka biya waɗanda suka rage, dala 15,000 ga ɗan ƙasa, 9,000 ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Jihar Minnesota ma a 2025 ta yi dokar da ta amince da waɗannan sojoji na Laos a matakin jiha. Idan jiha ɗaya ta iya, gwamnatin tarayyar da ta ɗauke su aiki ba ta da uzuri.

Za ku kuma ce ta yaya za a tantance wanda ya yi yaƙi da wanda bai yi ba. Dokar 2000 ta riga ta amsa: takardun asali idan akwai, ko rantsuwar shugabansa a fagen daga, ko ta mutum biyu da suka yi aiki tare da shi. Shaidar da ta isa a ba mutum zama ɗan ƙasa, kuma ta isa ma'aikatarku ta buɗe masa kabari, me zai hana ta isa a auna masa jini a ba shi magani? Sai dai masu yin rantsuwar su ma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Wataƙila ku yi mamakin abin da ya haɗa Bahaushe da mutanen tsaunukan Laos. Mun san labarin nan a gida. Kakanninmu an ɗebe su daga Kano da Zariya da Sakkwato da Borno zuwa dajin Boma, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi wa Birtaniya yaƙi da Japan. Da aka gama, kuɗin sallamar da aka ba baƙar fata bai kai na Bature mai muƙami irin nasa ba, kuma da yawansu sun tsufa suna gadi a ƙofar kantuna da ofisoshi, lambobin yabo a ƙasan akwati. A ɓangaren Faransa kuwa, sojojin Afirka da suka nemi haƙƙinsu a sansanin Thiaroye na Senegal a watan Disamban 1944 harsashi aka ba su. Mu an makara, kusan duk namu sun riga mu gidan gaskiya. Na Hmong da saura, shi ya sa nake roƙo tun da sauran lokaci.

Akwai wasu maganganu da ba na ofishinku ba ne, zan ambace su in wuce. Bam sama da tan miliyan 2 aka zuba wa Laos tsakanin 1964 da 1973, kuma waɗanda ba su fashe ba har yau suna kashe manoma da yara. 'Yan Hmong fiye da 4,000 da Tailan ta mayar Laos da ƙarfi a watan Disamban 2009. Da kuma 'ya'yan waɗannan sojoji, wasu a sansanin gudun hijira aka haife su, da ake tasa ƙeyarsu zuwa ƙasar da iyayensu suka gudo daga cikinta saboda ku. Idan kun zauna da takwarorinku, ku faɗa musu.

Abin da ke hannunku shi nake nema. A jawabinsa na 1865 Shugaba Lincoln ya ce a kula da wanda ya ɗauki nauyin yaƙi, da matar da ya bari, da marayansa, kuma wannan alkawari ne ma'aikatarku ta ɗauka a matsayin tushen aikinta. Don Allah ku je gaban kwamitocin 'yan mazan jiya na majalisun biyu, ku ce da bakinku kuna goyon bayan a buɗe wa sojojin Hmong da sauran 'yan Laos da suka yi wannan yaƙi ƙofar asibitocinku, a ba naƙasassunsu kuɗin naƙasa, a duba matan da mazansu suka rasu. Ku rubuta wa CIA ta saki duk jerin sunaye da takardun biyan albashi da ke hannunta, domin tantancewa ta yi sauƙi. Ku tura ma'aikata da tafintoci zuwa Minnesota da Wisconsin da Kalifoniya su soma rajistar waɗanda ke raye tun yanzu, kada a ce sai doka ta fito sannan a soma neman su. Wannan na ƙarshe ba ya bukatar jiran kowa, umarninku kawai yake jira.

Na gode. Ku huta lafiya.