A Fita da Ɗalibai Su Ga Kwaɗi da Masu Jan Ciki a Mazauninsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi kira ga malaman kimiyya da hukumomin muhalli na Jihar Kaduna a kan wani fanni da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wato fita da ɗalibai su kalli kwaɗi da dabbobi masu jan ciki a inda Allah ya ajiye su. Yaro yakan gama sakandare ya haddace sassan jikin kwaɗo daga zanen allo, alhali bai taɓa tsugunawa a bakin fadama ya dubi mai rai ba, kuma iyakar saninsa da ƙadangare ko hawainiya shi ne jifa.

Ba sai an yi nisa ba, domin gaɓar Kogin Kaduna daga Malali zuwa Kabala, da kududdufan da ke cika a bayan unguwanninmu, sun isa makaranta. Idan ruwa mai ƙarfi ya sauka a farkon damina, wanda ya fita da tocila bayan magariba ya tsaya shiru zai gane cewa kukan da muke ji daga ɗaki ba murya ɗaya ba ce. Maza ne ke kiran mata, kuma kowane iri da nasa kukan, har mai ƙwarewa yakan rarrabe su da kunne tun kafin ya gan su. Na haska wani ɗan kwaɗo da bai kai babban yatsa ba, ya manne a karan ciyawa, fatar maƙogwaronsa tana kumbura kamar balan-balan, sautinsa kuwa yana kaiwa har bakin titi. Da safe za a tarar da ƙwai a cikin ruwan, wasu a jere cikin dogon zare mai yauƙi, wasu a dunƙule, wanda hakan kaɗai ke nuna cewa iri dabam-dabam ne suka kwana a wurin. Da hantsi kuma sai a ga jan gwada yana gyaɗa kai a kan dutse, ko guza tana shan rana a gaɓa, da ta ji motsi ta faɗa ruwa.

Na san abin da iyaye za su fara faɗa shi ne maciji, kuma suna da gaskiya. Kububuwa ce ta fi kowane maciji sarar manoma da makiyaya a arewacin Najeriya, dafinta yana hana jini daskarewa, har sai da aka keɓe asibiti a Kaltungo ta Jihar Gombe saboda waɗanda maciji ya sara. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan matsala cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Sai dai a ganina wannan hujja ce ta koyarwa. Ɗalibin da aka nuna wa bambancin kububuwa da kasa da gamsheƙa, aka koya masa sa takalmi mai rufe ƙafa da riƙe doguwar sanda, aka hana shi zura hannu cikin rami ko suri, ya fi tsira a gonar mahaifinsa. Shi ne zai san cewa ba a tsaga wurin sara, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, sai dai a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Ƙa'idar fitar ita ce kallo daga nesa da ɗaukar hoto, ba kamawa, kuma duk dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda yake.

Abin da ya sa na matsu shi ne mazaunin yana ƙarewa. Ana cike fadamu ana gini, ana haƙar yashi a kogi, maganin kashe ciyawa yana gangarawa cikin ruwa, fatar kwaɗo kuwa tana tsotse abin da ke cikin ruwan. Da rani masu farautar gafiya suna cinna wa daji wuta, kunkuru da damo su ƙone, duk da cewa tun 1985 ƙasar nan take da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, rashin tsaro ya sa ba a iya kai yara, saboda haka abin da ya rage a kusa da gari ya ƙara daraja.

Ina roƙon masana dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna su wallafa ƙaramin littafi da Hausa mai hotunan waɗannan halittu da sunayensu, a ware masu dafi a fili. Ma'aikatar ilimi kuma ta amince wa makarantu da fita ɗaya a kowace damina tare da masani, bayan an nemi izinin iyaye da masu unguwa.

Wassalam,
Wani malamin kimiyyar halittu,
Unguwar Rimi, Kaduna