Amsa ga ɗana mai tambaya kan yarjejeniya da ƙuri'ar raba gardama

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron da matasanmu suka yi a Gadarif ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni ko yarjejeniyar da gwamnatin Sudan ta ƙulla da wata ƙasa tana da halacci idan ba a kai ta gaban talakawa sun kaɗa mata ƙuri'a ba, har ka kawo misalin sansanin sojan ruwa da Rasha take nema a gaɓar Bahar Maliya. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan amsa maka.

Ta fuskar shari'a amsar ba za ta yi maka daɗi ba. Yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda ta tsara yadda ƙasashe ke ƙulla alkawari, ta ce ƙasa ba za ta fake da dokarta ta cikin gida ta ƙi cika abin da ta ɗauka ba, sai fa idan an keta wata babbar ƙa'idarta ƙiri-ƙiri wajen ƙulla shi. Abin da ke ɗaure ƙasa shi ne sa hannun wanda tsarin mulki ya ba iko, da amincewar majalisa inda ake bukatarta. Ƙuri'ar jama'a ba ta wajaba sai inda tsarin mulki ya wajabta ta.

To amma ingancin takarda daban, yardar mutane daban. A 1959 gwamnatin sojan Janar Ibrahim Abbud ta raba ruwan Nilu da Masar, Masar ta ɗauki kubik mita biliyan 55.5 a shekara, mu aka bar mana 18.5. Babu mai cewa yarjejeniyar ba ta inganta ba, amma ruwan madatsar Aswan ya cinye Wadi Halfa, aka kwaso Nubawa kimanin 50,000 aka kawo su Khashm al-Girba, nan kusa da mu, kuma ba a nemi ƙuri'ar ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Ka je Sabuwar Halfa, inda aka tsugunar da su, ka zauna da tsofaffi, ba za ku daɗe ba zance zai koma kan dabinai da kaburburan iyaye da ke ƙarƙashin ruwa. Don haka ra'ayina shi ne duk alkawarin da zai taɓa iyaka, ko ƙasar noma, ko ruwa, ko ya girke sojan waje har jikoki su taso su tarar da shi, ya kamata a tambayi jama'a. Na sufurin jiragen sama da harajin kwastan kuwa majalisa ta isa. Batun Rasha na cikin kashin farko, domin daftarin yarjejeniyar sansanin na 2020 ya yi maganar shekara 25, ga shi tun 2019 ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisa balle a ce ita ta wakilce mu.

Inda nake so ka yi hattara shi ne ɗaukar akwatin ƙuri'a a matsayin maganin kowace cuta. Ƙuri'ar ɓallewar Kudancin Sudan ta Janairun 2011 ta karɓu ne domin yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta yi alkawarinta tun da wuri, doka ta fayyace masu zaɓe, aka kuma gindaya cewa sai kashi 60 cikin ɗari na masu rajista sun fito; da kashi 98.83 suka zaɓi ɓallewa, bakin kowa ya mutu. Wannan yarjejeniyar dai ita ce ta yi wa Abyei, yankin da Sudan da Sudan ta Kudu ke jayayya a kansa, alkawarin tata ƙuri'ar a lokaci guda, amma har yau ba a yi ba, saboda an kasa daidaitawa kan ko Misiriya makiyaya suna cikin masu zaɓe. Da ƙabilar Dinka Ngok mazauna Abyei suka shirya tasu a 2013, Khartum da Tarayyar Afirka suka ƙi karɓa. A Darfur kuma an sanar a 2016 cewa sama da kashi 97 sun zaɓi a ci gaba da jihohi biyar maimakon a haɗe su yanki ɗaya, alhali 'yan adawa sun ƙaurace, ɗimbin jama'a kuma suna sansanonin gudun hijira. Ko inda aka ƙirga ƙuri'a tsakani da Allah, gwamnati kan bi ta bayan gida: 'yan Kolombiya sun ƙi yarjejeniyar sulhu da 'yan tawaye a 2016 da kashi 50.2, aka yi mata kwaskwarima aka wuce da ita ta majalisa.

Mu Hausawan Sudan darasin Abyei ya fi shafa, domin ba baƙon abu ba ne a tsayar da wanda aka haifi kakansa a Mai Wurno, tsohon garin Hausawa da Fulani a Sudan, ana tambayarsa asalinsa kafin a ba shi takardar ɗan ƙasa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2008, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya raba miliyoyi da gidajensu, wasu suna Chadi, wasu Masar, da yawa takardunsu sun ƙone ko sun salwanta a hanya. Ƙuri'ar da za a yi a wannan hali, wanda ke riƙe da rajista shi zai rubuta sakamakonta.

Idan za ku rubuta takardar koken da ka ambata, ku fara da neman a dakatar da duk wata yarjejeniya irin ta sansanin har a samu majalisa, sannan a yi sabuwar rajista da za ta haɗa da 'yan gudun hijira a inda suke. Ku kawo mini ita bayan sallar Juma'a, zan duba in sa hannu.

Wassalam,
Baffanka a Gadarif