Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Antoni-Janar Na Jihar Legas: A Daina Kama Mana 'Yan'uwa A Madadin Wasu

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni ɗan kasuwa ne, mazaunin Agege, kuma maganar da ta kawo ni guda ɗaya ce. Ƙanena yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12, yana kwana ɗaki ɗaya da wasu samari huɗu 'yan garinmu. An zargi ɗaya daga cikinsu da gudu da kuɗin wani dillali. Da asuba jami'ai suka zo, ba su tarar da shi ba, sai suka tasa ƙeyar ƙanena da buta a hannunsa, ko takalmi bai saka ba. Na bi sawu har caji ofis. Abin da aka faɗa mini a bakin kanta shi ne: "Ku kawo wancan, mu sake muku wannan." Kwana shida ya yi a tsare. Albasarsa buhu uku ta tsiro a rumfa, mahaifiyarmu kuwa kullum tana bugo waya tana kuka, ni kuma ina ce mata gobe.

Ba ni zan koya maka doka ba, ranka ya daɗe. Amma ko mu da ba mu yi karatun lauya ba mun san alhakin laifi yana kan wanda ya aikata shi, ko ya taimaka, ko ya sa aka aikata. Zama ɗaki ɗaya da mutum ba ya cikin wannan, haɗa gari ko yare ma ba ya ciki. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ƙanena bai karɓi kuɗin ba, bai san an karɓa ba, bai kitsa komai da kowa ba. Babu aiki, babu niyya, to ina laifin? Mutumin da aka riƙe don a matsa wa danginsa su nemo wani, garkuwa aka yi da shi, ko da a ofishin hukuma ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Legas ce ta riga kowa. Tun 2007 jihar nan ta yi Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka, ta sabunta ta a 2011, da haramcin kama wani a madadin wani ƙarara a ciki. Sai a 2015 Gwamnatin Tarayya ta bi sahu da sashe na 7 na tata dokar, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake nanata shi. A 2021 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a kan gyaran dokar Legas, muka ji a rediyo, muka yi murna. Alkawari ne gwamnatin jihar nan ta ɗauka a rubuce. Yaushe zai taso daga Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, ya iso inda masu dako da masu turin baro suke kwana?

Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ƙanena ba ya jin Turanci sai na ciniki. An miƙa masa takarda ya dangwala yatsa, har yau bai san abin da ke ciki ba. Sashe na 35 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma wace unguwa ce a Legas ta yi wa kotu wannan nisa? Maganar "beli kyauta ne" da ke manne a bango ba zan ma taɓa ta ba, Allah Ya san abin da muka haɗa kafin a buɗe masa ƙofa.

Na san 'yan sanda na Tarayya ne, ba kai ke ba su umarni ba. Amma dokar da ake takawa ta Legas ce, kai ne kuma babban mai tsaronta. Don Allah, ranka ya daɗe, a tabbatar majistare yana leƙa wuraren tsare mutane duk wata kamar yadda doka ta tanada, ya tsaya a ƙofar sel ya tambayi kowa da bakinsa: kai me aka ce ka yi? Ofishin lauyoyin da ke kare marasa hali kyauta, wanda jihar nan ta kafa tun 2000, a sama masa tafintan Hausa, a kuma zo Agege da Idi-Araba da Mile 12 a gaya wa mutane cewa yana nan, domin yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba.

Ba na kare wanda ya gudu da kuɗin mutane. A nemo shi, a kai shi gaban alƙali, ni da kaina zan nuna gidansu idan aka tambaye ni. Ƙanena dai ya ce in saya masa tikitin mota, zai koma gida, kuma har yanzu na rasa abin da zan faɗa masa ya zauna.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, Agege, Legas.